Katifa a Rana

Asuba ta yi a Bajoga,
tirelolin siminti na gurnani a hanyar Ashaka.
Na tsaya a bakin ƙofa
ina kallon Mudan yana naɗe zanin gado
a hankali, kamar mai satar kayan kansa.

Shekara bakwai. Ido ya ciko.
"Baba, a mafarki na je bayi,
har na tsuguna."

Na san bayin nan.
Na yi ta zuwansa har na kai goma.
Aka ɗaura mini kwaɗo a ƙugu,
yaran layi na tafi, suna bi na da ihu.
Kwaɗon ya mutu.
Tabarma dai ba ta bushe ba.

Ranar Talata muka je wa Sista Rifkatu.
Ta auna fitsarin, ta ce ba suga, ba ƙwayar cuta.
"Buta ba ta ɗaukar ruwan randa,
mafitsararsa ce ba ta gama girma ba.
Barcinsa kuma rijiya ne,
kira ba ya kaiwa ƙasa.
Yana bayan gida kullum?
In ciki ya ɗaure, mara yake dannewa."
Sai ta dube ni ta saman tabarau:
"A gidanku an taɓa yi?"
Na sosa ƙeya.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yanzu da rana yake shan ruwa ya ƙoshi.
Kunu kafin magariba,
shayin dare mun yafe,
gwanda da miyar ganye su saki cikin.
Kafin kwanciya, bayi tukuna.
Leda ƙarƙashin zani,
tocila gefen filo,
don duhun tsakar gida ma yana hana tashi.
Kawunsa ya ce bulala.
Na ce wa za ka daka,
yaron da ya farka, ko barcin da ya tafi?

A kalandar bango yana zana tauraro
duk daren da ya kwana a bushe.
Makon nan uku.
Yau babu.

Muka ɗauki katifar,
shi gaba, ni baya,
muka jingina ta da katanga.
"Baba, kai yaushe ka daina?"
Ban riƙe ranar ba, ɗana.
Wata safiya kawai na shafa,
na ji tabarma shiru.
Zo mu wanke zanin, kar ka makara.