Faifan Talata

Laraba ce ranar fitowar faifai,
amma tun yammacin Talata tsoho Kuwabara
yakan farke kwalin a ɓoye,
ya miƙo mini nawa ta ƙarƙashin kanta
kamar mai sayar da abin da hukuma ta hana.
Shekara talatin da ɗaya muna wannan 'yar sata,
ni da shi, a lungun bayan tashar Morioka.

Yen dubu uku da ɗari uku.
Ina ƙirga masa kuɗi, yana ƙirga mini furfura.

Yoake Tetsubin sun dawo
bayan shirun shekara tara.
Su huɗu na sani.
Ga uku a hoto, wuya ya saki,
ga wani yaro mai ɗan kunne
ya ɗare kujerar marigayi Genzo mai ganga.
Na sa babban yatsa na rufe fuskarsa.

A jirgi na aje faifan a cinya,
ban ɓare ledar ba,
kamar sakamakon gwajin asibiti.
Dusar ƙanƙara na bin taga, tana narkewa.

Waƙar farko ba ta kama ni ba.
An wanke sautin tas, har da guga,
babu tsatsa,
babu kukan jitar nan mai kashe haƙori.
Na ce, waɗannan sun ƙoshi,
mai yunwa ne ke ihun gaskiya.
Ta biyu ma sammakal.
Na tashi na ɗora miyar miso.

Chisato ta leƙo daga ɗakinta:
“Mama, an jima kaɗan zai shiga waya.
Me ya kai ki cikin sanyin nan?”
Na ci gaba da yanka albasa.

Sai ta shida.
Noboru ya miƙa murya inda ya saba kaiwa,
muryar ta tsage a hanya,
kuma ba su gyara ba.
Suka bar tsagar a fili, da numfashin da ya biyo ta.
Wuƙa ta tsaya a hannuna.

Ga ni 'yar sha tara, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
mu tamanin a wurin mutum hamsin,
gumi na ɗiga daga rufi,
Tomoe ta cusa ni gaban lasifika
tana faɗin abin da har yau ban ji ba.
Jirgin ƙarshe ya tafi ya bar mu,
muka bi gaɓar Kitakami a ƙafa,
takalminta ɗaya a hannu,
muna rera baitin da ba mu haddace ba.
Kwana uku kunnena na hagu yana ƙara.
Ran na huɗu ya yi shiru, bai ƙara dawowa daidai ba.

Tomoe tana Kagoshima, tana jinyar surukarta.
Katin sabuwar shekara ne ya rage tsakaninmu,
layi biyu, kan sarki ɗaya.

Yaron nan mai ɗan kunne,
akwai gurbin da Genzo kan makara da bugu,
rabin ƙiftawar ido, da gangan.
Da yaron ya iso wurin, bai kwaikwaya ba.
Ya ɗaga sanda, ya bar gurbin fayau.
To. Na janye yatsana.

Miya ta tafasa ta zube.
Chisato ta kashe wuta, ta dube ni,
ta zaro iyafis ɗaya daga kunnenta.
“Ji waɗannan. 'Yan mata uku ne daga Hachinohe,
jiya suka saki ta farko.”
Ta nufo hagu. Na ce, ɗayan, wannan ya yi ritaya.

Jita kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta.
Ganga na gudu, murya na binta da haki.
Ko kaɗan ba su iya ba tukuna.
Yunwa fal cikinsu.

Na ce, ƙara sauti.
Ta ce, Mama, saura ɗaya fa gare ki.
Na ce, ƙara.