Waɗanda Suka Kwana a Kwalba

Talata Mafara, ranar Laraba,
an ɗauke wuta, zufa ta jiƙa allin Malama Ige.
Ruwan tsami a kwalba, mai sanyin hali,
soda a bututu tana sauka ɗigo-ɗigo.

Ashirin da huɗu. Da biyar.
Hannuna ya yi rawa,
kwalba ta yi ja-ja
kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

Na ce, "An tashi kunnen doki."
Ta ce, "A'a, leƙa ciki.
Ga sodiyam zaune, ba ruwansa da kowa.
Ga asitet, ɗan tsamin da ya rasa hularsa,
yana fizgar ta ruwa,
ya bar haidiroksid tsaye, kai ba hula."

Ashe karon mai ƙarfi da rarrauna
ba ya ƙarewa a tsakiya.

Na wanke kwalba sau uku.
Har yanzu yatsuna santsi suke yi.