Bashin Daƙiƙa Tara

Agogon Baba ne, na wani, ba ruwansa da batir,
wanda kamfanin kuza ya ba shi a Bukuru
ranar da suka sallame shi da tari a ƙirji.
Fatar maɗaurin ta sha gumi har ta yi baƙi.
Huda ta huɗu ta saki baki, nan ne kaurin hannunsa.
Ni a ta biyu nake ɗaurawa.

Sati uku ina auna shi da labarun bakwai.
In ya yini a tsintsiyar hannuna,
ina hawa tudu, ina gangarawa,
ina ɗaga buhun dankali a Farin Gada,
sai ya makara da daƙiƙa tara.
In na kwance shi, ya kwana rigingine kan tebur,
sanyin Jos na kutsowa ta ƙasan ƙofa,
kafin asuba ya zarce da bakwai.
Na ce, to, wacce ce gaskiyarsa?

Na kai wa Dalyop a Taminus,
mai rumfar da ba ta fi faɗin sallaya ba.
Ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya buɗe bayan,
ya nuna mini wata waya a naɗe,
siririya kamar gashin jariri,
tana shaƙa, tana saki.
Ya ce, "Lafiyarsa lau.
Ɗumin jikinka ke sa mata kasala,
sanyi ya ɗaure ta, ta ƙara sauri.
A tsaye, nauyinsa na kan kafaɗa guda,
a kwance ya baje, ba abin da ke jan sa.
Kai ma tafiyarka da buhu a ka
ba ɗaya take da ta hannu rabbana ba."

Na ce a gyara. Ya ce, "A gyara me?
Dare na biyan bashin rana, saura biyu.
In ka ga ya cika gudu, kwantar da shi a gefe,
kan wanin na duban ƙasa, zai lafa.
Kawo ɗari biyu, kuɗin buɗewa."

A hanyar gida na tuna Baba.
Shekara talatin yana tsaye, yana makara.
Ya makara sunan Asabe,
ya makara tuwon dare har miya ta yi fata,
Inna ta dumama, ta sake dumamawa,
shi kuwa ya shigo da jar laka a gwiwa
yana duban hannu, wai ai bai jima ba.
Da suka kwantar da shi rigingine a gadon asibiti
sai ya kama gudu.
Sati bakwai kacal.
Nas ta ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu,
ni da Tanimu muka yi ta kwantar da shi a gefe,
mu tokare bayansa da filo.
Bai lafa ba.

Wayar aljihuna ba ta bin kowa bashi,
ba a bin ta.
Ko a gado, ko a kasuwa, maganarta ɗaya,
ba ta san ɗumin kowa ba.

Shi kuwa kullum dare sai na wana shi,
juyi ashirin, har yatsa ya ji ya ƙoshi,
in ajiye shi fuskarsa na kallon kwano.
Daƙiƙa biyun nan da suka rage, ban taɓa su ba.
Suna taruwa kamar ruwa a tsohon ramin kuza.
Ƙarshen wata sun cika minti guda,
garin Jos duka ya wuce ni da minti guda,
ladan ya kira, mai shayi ya ɗora tukunya,
ni ina baya, ina jiran
takun mutumin da ya ce ai bai jima ba.