Jemagun Aylsham

Ranar Talata na ɗaga tayil na bakwai a rufin tsohon rumbu,
sai ga wani abu kamar busasshen ganye
maƙale da katako, yana numfashi.
Bai kai babban yatsana ba.
Na ce jemage ne, na gyara riƙon guduma.
Derek Loades ya daka min tsawa daga ƙasa:
"Sauko, Tanimu, aiki ya tsaya."

Na ce, wa ya mutu?
Ya ce ba kowa, kuma haka doka take so.
Tun alif ɗari tara da tamanin da ɗaya aka kafa ta,
ta girme ni da shekara huɗu.
Ka taɓa makwancinsu, tara ce,
in alƙali ya tashi da ɓacin rai, har gidan yari.

Na sauko ina lissafi a kan tsani:
kuɗin haya a Norwich,
kuɗin maganin Inna a Haɗeja,
man mota, wuta, katin waya.
Ni da na shigo ta ƙofa, da hoto da hatimi,
har yau ana tambayata takarda.
Shi ko mai kwana kai ƙasa ƙafa sama,
bai taɓa cike fom ba,
majalisa ta tsaya masa.

Hazel Gotts ta zo da yamma,
da takalmin roba da lasisi cikin leda.
Rana a nan ba ta san faɗuwa ba a watan Yuni,
sai da tara ta wuce muka ga magariba.
Ta kunna wata 'yar na'ura,
ta ce muryarsu ta fi ƙarfin kunnen mutum.
Can sai na'urar ta kama ƙara
kamar gero a cikin kasko mai zafi.
Ta ce in ƙirga.
Ɗaya. Biyu. Shiru. Sai biyar a jere.
Sauro na cizona, ban kore shi ba, kar in ɓata lissafi.
Arba'in da uku.
Ta ce duk mata ne, goyo suke,
ɗa ɗaya a shekara, in an yi sa'a.
Ban ce komai ba.
Matata shekara shida ta jira namu.

Muna naɗe waya ta kawo zancen Riyo,
inda ƙasashe suka taru suka sa hannu
cewa za su bar wa kowace halitta wurinta.
"Har da taku," in ji ta.
Na yi dariya. Sa hannu ai ba wuya,
biro ba ya gumi.

Amma a bas ɗin komawa
mahautar garinmu ta faɗo min a rai,
da ungulaye jere a kan katanga
kamar dattawa a wurin zaman makoki.
Mun jefe su da dutse, mun yi musu waƙar tsiya.
Mun ce ungulu ba ta jewar banza.
Bara da na je gida, ba ta jewar ko kaɗan.
Na ga kanta dai, busasshe, a shimfiɗar mai magani,
an sa masa kuɗi.
Ban san ranar da ta ƙarshe ta tashi ba.
Babu wanda ya tsaya da magariba yana ƙirgawa.

Wata uku ina wankin motoci a bayan tasha.
Da Satumba ta ƙare suka yaye 'ya'ya suka watse,
aka ce mu hau.
Hazel ta miƙo min tayil mai ɗan tsagi,
ta auna da yatsa, ta ce nan za su dawo.
Shekara goma sha biyar ina toshe kafa a rufin mutane,
yau an biya ni in bar ta a buɗe.
Na ɗora shi daidai, na duba sau biyu.

Mai gidan haya har yanzu yana bina fam ɗari uku.
Na gaya masa dalili.
Ya ce jemagun su zo su biya.