Bahagon Nima

Mumuni, yau na tsuguna a gaban kabarinka
kamar yadda na tsuguna maka shekara goma sha ɗaya,
sai dai ba abin da zai faɗo tafina.

Ka tuna mangwaron gidan alƙali a Kanda?
Mu muna kakkaɓo ganye,
kai dutse ɗaya, nunanne ɗaya.
A nan mutumin Japan ya gan ka,
ya miƙo farin ƙwallo mai jan ɗinki.
Ka sansana, ka ce warin takalmi yake.

Nima ta yi dariya.
Ƙwallo a garin nan da ƙafa ake taka shi,
wane ne kuma besbol, ɗan gidan wa?

Kaka huɗu ka yi a Osaka.
An ce jifarka takan taho sak,
sai ta sake shawara a gaban mai gora.
Ni ba sai an gaya mini ba:
babban yatsana har yau a karkace yake.

Ka dawo da kafaɗa mai kukan tsohuwar ƙofa,
ko butar alwala ta fi ƙarfinta.
Ba ka kai ƙara ko'ina ba.
Ka tara yaran Mamobi a filin makaranta
kana gyara musu gwiwar hannu har magariba.

Jiya Ladidi ta ba ni safarka ta fata.
Na zura hagu, ta ƙi ni.
Na manta, ta bahago ce.

Allah ya haskaka makwancinka.
Bari in miƙe,
gwiwar ba ta da ba ce.