Kwalba Ɗaya a Shagon Tasalla

Ƙarfe sha ɗaya a Ƙofar Ƙwaya,
kwalta ta fara laushi ƙarƙashin takalmi.
Na fito a naɗe kamar ƙunshin goro:
hijabi har ƙasa, safar hannu,
malafar kaba da kakana ya saƙa a Batagarawa,
da baƙin tabarau mai tsaga a gefe guda.

Shagon Tasalla akwai fanka.
Kwalabe sun hau juna har rufin kwano,
mai hoton karas, mai hoton gwanda,
mai hoton wata mace da ba ta taɓa jiran mota a titi ba.
'Yan mata uku a kan benci,
ana shafa wa ɗaya hoda, shafi bisa shafi,
kamar yaɓen soro kafin damina.

Na cire tabarau. Hira ta mutu.
Ta tsakiyar, Rumasa'u na ji an kira ta,
ta kama hannuna ba ko sallama,
ta juya shi kamar mai taya atamfa:
"Baiwar Allah, wane mai kike shafawa?"

Dariya ta taso mini, ta tsaya a maƙoshi.
Na dubi nata hannun.
Bayansa fari sol, jijiyoyi kore sun fito fili,
amma gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin,
su goma sun ƙi jin maganar kwalba,
sun tsaya nan suna ba da shaidar gidansu.

Na so in ce mata: ni zabiya ce, ƙanwata.
Farin nan da kike lailayawa
ban saye shi ba, ba ni da inda zan mayar.
Shi ya hana ni bin yayyena gona ranar cirar gyaɗa,
ya zaunar da ni gaban aji, hanci a jikin allo.
Shi ya ci kunnen wana Ɗanjuma
kaɗan-kaɗan, cin gara a azara,
shekara uku muna hanyar asibiti
har ranar da muka dawo da hularsa kaɗai.

Ban faɗa ba. Shago ba wurin zaman makoki ba ne.
Na ce, "Tasalla, man rana, mai lamba hamsin."

Ta taka kujera, ta laluba bayan turaruka.
Saura ɗaya, in ji ta, kuma ya ƙara kuɗi.
Kafin ta sauko hannu biyu sun miƙe.
"Shi na zo nema," in ji Rumasa'u,
"wata shida ina aikin fuskar nan,
kada rana ta rushe mini a mako guda."

Ni da ita, riƙe da kwalba ɗaya,
tana tsaron abin da ta saya,
ina tsaron abin da ya rage.

Sai idonta ya sauka a leɓena,
inda gyambon bara ya bar tambari.
Ba ta ce komai ba. Yatsunta suka saki ɗaya-ɗaya.
Ta juya ta tambayi kuɗin lema.

Da abin da kike kankarewa da dare
ana auna shi a kasuwa, Rumasa'u,
da na sayar da 'yan kunnena na auni mudu biyu.
Wannan ma ban faɗa ba.

Keke ɗaya muka tara zuwa Ƙofar Marusa,
kowace na matsawa ɓangaren inuwa
har kafaɗunmu suka gaisa.
Direban baƙi ne kamar bayan tukunya,
ya naɗe hannun riga, ya jingina gwiwar hannu waje,
rana na dukanta, yana shan rakensa.
Mu biyu muka zuba wa hannun ido.
Ban san abin da ita ta gani ba.