Ɓarawon da Bai Taɓa Kwado Ba

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe wa mutane ƙofa
a Balfaraiso, garin da aka rataye a wuyan tudu,
gidaje shuɗi da ɗorawa suna leƙen teku.
Evaristo mai makulli, kowa ya san shagon.
Ban taɓa gamuwa da kwadon da ya fi ƙarfina ba.

'Yata Maite ce ta kawo maganar.
Ta ce, Baba, an daina ɗaga kai a karanta allo.
Wanda ƙofa ta rufe wa da tsakar dare
waya yake laluba, ba titi ba.
Ta sa sunana a intanet, ta ce ga sharaɗi:
duk wanda ya danna tallar, peso ɗari takwas ya fita,
ko ya kira, ko bai kira ba.

Watan farko kam, sai godiya.
Tsohuwar da ta bar wake a wuta, iska ta turo ƙyaure.
Ma'aikacin jirgi da ya sha ya yi tatul,
mabuɗinsa na can ƙasan ruwa tare da kifi.
Na hau matakala har gwiwa ta yi ƙara,
ban koka ba.

Sai wata Litinin,
kafin shayina ya huce, asusun ya bushe.
Dannawa ashirin da biyar, ƙarfe bakwai bai cika ba.
Na zuba wa waya ido.
Shiru.
Talata haka. Laraba haka.
Mutum ashirin da biyar sun ƙwanƙwasa mini ƙofa,
na buɗe, ban ga ko inuwa ba.

Ni da na san ɓarawo tun daga karcen da ya bari a ƙarfe,
na san mai gaggawa, na san mai sanyin hannu,
yau ga wanda ya kwashe ni ƙarƙaf
bai lanƙwasa ko ƙusa ba.

Na kai ƙara wurin kamfani.
Na'ura ta amsa, da ladabi har da gaisuwa,
ta mayar mini kuɗin dannawa uku.

Maite ta kwana tana bin sawu a kwamfuta.
Ta ce wasu daga nesa suke, bayan teku,
ɗaki ne cike da wayoyi jere a kan katako
kamar kifin da aka shanya,
ba mai barci a cikinsu, ba mai gida, ba mai ƙofa.
Sauran kuwa... sai ta yi shiru.
Layi biyu ƙasa da mu, Baba.
Shagon Nibaldo.

Yaron da na koya wa riƙon magagari,
wanda na ɗaure wa yatsa ranar da ya yanke.
Da wannan yatsan.

Na gangara da kaina, ban ɗauki guduma ba.
Ya jawo mini kujera, ya zuba kofi, hannunsa na rawa.
Ya ce, Maigida, tawa tallar ƙarfe takwas take mutuwa.
Na ɗauka kai ne.
Ya juyo mini fuskar wayarsa, na ga irin ciwona sak.
Mu bakwai ne masu makulli a kan tudun nan,
kowa na yi wa ɗan'uwansa huda a aljihu,
kuɗin na gangarawa wuri guda,
wurin wanda bai san ƙamshin mai a jikin kwado ba.

Daren jiya, inji maƙwabta,
wata mata ta kwana a matakala da yaro a cinya,
ruwan sama na dukan su, mabuɗi na ciki.
Ta nemi mai makulli a waya har caji ya ƙare.
Duk tallarmu ta mutu tun da hantsi.
Taku arba'in ne tsakaninta da gadona,
ban sani ba.

Yau na sauko da tsohon allon, na sayi fenti ja.
Hannuna ya manta yadda ake zana lamba biyar.